Maƙerin Da Bai Kai Gaisuwa Ba

Saratu ta samu gurbin karatun dakta a ƙasar waje, amma mahaifinta Malam Ilu, Sarkin Maƙeran garinsu, ya kafe. Ya rantse ba inda za ta sai ta fahimtar da shi abin da take karantawa, ga shi saura kwana tara gurbin ya kuɓuce mata. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don ta san halin tsohon. In ya ce a'a, ko liman sai ya yi sawu uku.

Ta same shi a maƙera, ta durƙusa ta fara lallaɓawa. Ta ce akwai bakteriya, halittun da ido ba ya gani, masu zama cikin ƙasa. A jikinsu akwai wani sinadari, enzayim, mai kama da igiyar da aka cukurkuɗe. Can tsakiyarsa an dasa ƙwayar ƙarfe, kusa da wani ɗan rami. Ƙarfen ne ke cafke iskar oksijin ya cusa ta cikin abin da ya faɗo ramin, ko da burbushin ɗanyen mai ne, sai abin ya yi laushi bakteriyar ta iya cinye shi.

Malam Ilu ya ajiye masabar da yake dukan ƙarfe da ita. Ya sa ta maimaita, ya tabbatar da kunnensa cewa ƙarfe ta ce, da iska, da tausasa abu mai taurin kai. Saratu ta ga fuskarsa ta sauya, har ta fara murna a ranta. Ashe fushi ne ke tahowa.

"Wannan ai ƙira ce, Saratu. Kuma wannan maƙerin har a garin nan yana aiki?"

"Dare da rana, Baba."

Ya gyara zama, ya tuna mata cewa shekara talatin yana riƙe da sarautar nan, kuma ba maƙerin da ya taɓa hura wuta a garin bai fara zuwa ya faɗi gabansa ba.

"Ba zan ba da 'yata koyon sana'a wurin mara kunyar da bai taɓa kawo mini gaisuwa ba."

Saratu ta sunkuyar da kai.

"Baba, wace gaisuwa ta fi tasa? Tun kafin a naɗa ka yake kwance a ƙasa, kana taka shi."