Dogon Kiyawa da Akuyar Dada

"...to ya kwanan amaryata? An tashi lafiya, ko har yau gwiwar tana yajin aiki?"

"Gwiwata lafiyarta ƙalau. Kai da kake tsalle safe da yamma, me ya ƙaru a tsawonka? Shigo, maigida, ba sai ka sunkuya ba. Ƙofar nan ba ta ma san ka wuce ba."

Dada Rabi'atu na zaune a inuwar darbejiya a tsakar gidanta na Limawa, allura a hannu, tulin gajerun wanduna a gabanta. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce a Jigawa, kuma kwamitin gasar ƙwallon kwando ta unguwannin Dutse ya ce duk wanda gwiwarsa ta leƙo waje ba zai taka fili ba. Jikanta Mu'az, wanda shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarsu, shi ne kuma kocinta, sai ya ga babu dalilin biyan tela alhali yana da kaka. Ya kwaso wandunan ya jibge mata, tana ƙara musu ƙyalle a ƙafa.

Ita dai ba ta taɓa ganin wasan ba. Abin da ta ji kawai, ƙarti ne suke wahalar da kansu wajen jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi, ta faɗo, su sake jefawa. Tun daga nan ta sallama wa 'yan zamani.

Mu'az ya durƙusa ya ajiye mata farin goro a gefen tabarma. Dada ta dubi goron, ta dubi mai goron.

"Wa ya mutu?"

"Haba Dada! Miji ba zai yi wa matarsa alheri ba?"

"Mijin da tun da na aure shi ko ashana bai taɓa sayo min ba? Faɗi abin da ya kawo ka, rana tana yi."

Ya gyara zama. "Akwai wani yaro a Kiyawa, sunansa Bubayero. Dada, in ya tsaya a gabanki, da cibiyarsa za ki gaisa. Ba ya tsalle, miƙa hannu kawai yake ya ajiye ƙwallo a kwando. To ƙungiyarsu ta watse, yanzu ba shi da kowa."

"Allah sarki! Maraya ne?"

"A'a, iyayensa na nan da shanunsu."

"Ka ce ba shi da kowa."

"Ba shi da ƙungiya nake nufi. Duk wanda ya daidaita da shi, ya samu. 'Yan sakateriya ma sun aika masa, amma ya ce mu ya fi so. In muka same shi, wallahi kofin bana namu ne. In suka riga mu, mu tattara wandunanmu mu koma gida. Kuma ranar Juma'a ake rufe rajista."

"To ku saye shi mana."

"Ba sa ba ne, Dada, ba a sayen mutum. Alawus ake ba shi duk wata, na sabulu da na mota."

"To ku ba shi. Ko talaucin naka ne ya bi ka har can?"

"Kuɗi akwai. Alhaji Arzika mai siminti, shi ke ɗaukar nauyinmu, ya ce ko nawa ne zai bayar."

"Yaron yana so?"

"Yana so."

"Kuna so?"

"Kamar mu yi hauka."

"Kuɗi na nan?"

"Suna nan."

"To me ya rage, ɗan nema?"

"An hana."

Dada ta soke allurar a jikin wando ta zuba masa ido. Ta ci kasuwar Shuwarin tun tana ɗaukar ƙwaryar nono a ka, ba ta taɓa jin inda mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda, kuɗi na aljihu, sannan wani can gefe ya ce bai yarda ba.

Mu'az ya jawo ƙwaryar furarta da ke rufe da faifai. "Duba nan, tsohuwa. Kwamiti ya ce kowace ƙungiya ƙwarya ɗaya za ta dama a wata, kuma girman ƙwaryar ɗaya ne ga kowa. Don kada masu albashi su kwashe duk dogayen garin nan, mu su bar mu da kallo. To tamu ƙwaryar, kowa ya riga ya sa ludayinsa. Babu wurin na Bubayero."

"A ƙaro fura."

"An hana ƙari."

"A ƙara ruwa. Haka nake yi in ka zo da abokanka masu cikin zani."

"Na gwada. Na ce kowa ya rage nasa kaɗan, saura ƙiris su jefa ni a kwandon. Kuma ko sun rage ba zai isa ba, shi daga Kiyawa zai riƙa zuwa, kuɗin motarsa kaɗai rabon mutum guda ne cur."

"To ku sayi babbar ƙwarya."

"Dada, ƙwaryar misali ce!"

"To ajiye min ita tunda misali ce, na ga kana kai hannu."

Ya ajiye, ya matso kusa, ya rage murya. "Ga dabarar. Ke za ki ɗauki Bubayero aiki."

"Ni? Aikin me?"

"Kiwo."

Dada ta waiwaya a hankali ta dubi turke. Shanun gidan an daɗe da kai su Garki wurin ƙaninta. Abin da ya rage a turken akuya ce guda ɗaya, tsohuwa, mai ɗingishi, wadda ko an kwance ta iyakarta bakin zaure ta dawo. Akuyar ma ta ɗago kai tana tuƙa, kamar ta san da ita ake.

"Wannan za a ɗauko wa makiyayi daga Kiyawa?"

"Ba kiwon gaske ba. Alhaji zai ba ni kuɗi, ni in ba ki, ke ki ba shi, a ce ladan kiwo ne. Kin ga bai shiga ƙwarya ba."

"Tsaya. Kuɗin Alhaji su zo hannunka."

"Yauwa."

"Wannan ma kaɗai abin tsoro ne, amma mu je. Su zo hannuna, su tafi Kiyawa. Ita akuyar me ta samu?"

"Ba ruwan akuya!"

"Yo ba ita ake kiwo ba? Ko filin zai riƙa tafiya da ita? In ya miƙa hannu zai ajiye ƙwallo, wa zai riƙe masa igiya?"

"Ba zai ma gan ta ba, Dada."

"Makiyayin da bai san fuskar dabbarsa ba! In ta ɓata wa zan kama? Kai, wannan auren namu ya isa haka. Da ma saboda na ji an ce kana da keke na yarda, ashe na aro ne."

"Ni ma saboda haƙora na aure ki, da aka kawo ki na ƙirga na ga an cuce ni. Ki taimaka mana, amarya. Abu ne mai sauƙi."

"In masu hanawar suka zo suka tambaye ni fa?"

"Ba za su zo ba. Sun gama tambayarsu tun ranar da muka dafa Alƙur'ani a gaban..."

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

Dada ta ɗago kai ta dube shi. "Ka dafa me?"

Sai da ta sake tambaya sannan ya amsa, idonsa a ƙasa. Bana kwamiti ya ce ya gaji da rigimar kowace shekara, don haka kowane shugaban ƙungiya sai da ya yi alwala ya rantse cewa babu ɗan wasansa da zai karɓi ko sisi a bayan ƙwarya, ta ƙofar gaba ko ta baya.

Duk surutun nan na ƙwarya da ludayi bai zauna wa Dada a kai ba, amma wannan ta gane shi sarai. Ita ta yaye yaron nan, a bayanta ya yi barci, ita ta raka shi makarantar allo yana ihu. Yau ga shi ya kawo mata goro don ta riƙe masa ƙofar baya ya wuce da rantsuwa a wuyansa, saboda ƙwallo. Tsoro ya kama ta, ga tausayinsa, don ta ga yadda yake son abin har cikin ransa. Ta san kuma in ta yi masa faɗa zai tashi ne ya nemi wata tsohuwar mai akuya.

Sai ta tura masa goron gabansa, ta ɗauki allurarta.

"Akuyata ta ce ba ta so. Ta ce ita ba ta rantse ba, kada a sa ta a ciki."

"Dada..."

"Ni dai har yanzu a rikice nake. Ka ce in baƙon zai sha, sai wani ya ajiye ludayi?"

"Ita ce kaɗai hanyar da ta rage."

"To wa zai ajiye?"

Ya ja numfashi. "Sai dai Zailani."

Ta tona tulin ta zaro wani wando. "Mai wannan? Wanda ya cinye min rabin tsohon zani kafin ya rufe gwiwa? Ba shi ne ka ce ya ci muku wasa da 'yan Takur ba?"

"Shi ne."

"To ba shi ba. Wannan fa?"

"Na Ɗan'inna ne. Shi ke tsare mana baya, in babu shi mun shiga uku."

Haka ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙyallen da ta ƙara masa, wani atamfa, wani shadda, kowanne kuma Mu'az na da dalilin da ya sa ba a taɓa mai shi. Daga ƙarshe ta ɗago wani da ba ta sa masa allura ba ko kaɗan.

"Wannan na rasa gane shi. Na auna, na sake aunawa, na ga mai shi ko bai ƙara komai ba ya cika shari'a har da sauran canji. Yaron wa kuka sa a ciki?"

"Kin san nawa ne."

"Au! Kai ma kana wasan? Na ɗauka ruwa kake ba su."

"Ni ne mai raba ƙwallo! Ba don ni ba wa zai ba su?"

"Bara sau nawa ka jefa ta shiga?"

"Ba a lissafa wa mai rabo haka."

"To. Furar fa, kana sha?"

Ya karɓi wandon yana jujjuya shi a hannu. Dada ba ta faɗa masa sabon abu ba, ya daɗe da sani, shi ya sa ma ya yi ta zagaye har ya biyo ta kan akuya. Shi ya share filin nan da hannunsa lokacin da Dutse ba ta san wasan ba. Shi ya kai wa mai walda bakin tsohuwar ganga aka lanƙwasa ya zama kwandonsu na farko. Yaran da ya koya wa riƙe ƙwallo duk sun tashi sun wuce shi, shi kuma tsawo ya tsaya masa inda ya tsaya. Babu abin da yake so a duniya kamar a ɗaga kofin nan yana cikin fili da gumi a jikinsa.

Dada ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta mai da kanta kan ɗinki kamar ba ta gani ba.

"Kakanka Jaji da ƙafa ta gaza," ta ce, "a gindin kuka yake zama da sandarsa, yana yi wa yara ihu. Kuma har ya koma ga Allah, in an ga garken nan, shanun Jaji ake cewa."

"Wato kin mai da ni tsoho ke nan."

"Yo da ma sa'ana ne kai, ba mijina ba ne? Ka zauna a gefe ka yi ta ihu, wannan kam Allah ya ba ka. Tun kana zanin goyo unguwa ta shaida."

Dariya ta ƙwace masa, ya goge ido da bayan hannu. Ya daɗe yana kallon wandon, sannan ya ajiye shi a cinyarta.

"Kin ci ni, tsohuwa. Ƙara masa ƙafa, na Bubayero ne yanzu. Ki ƙara da yawa, mutumin ba ya ƙarewa."

Dada ta duba buhun ƙyallayenta, wandon Zailani ya cinye komai. Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwar da ta ce lafiyarta ƙalau tana ƙara, ta shiga ɗaki. Ta fito da sabon zanin da ta ajiye don Sallah, ko wanki bai taɓa gani ba. Kafin Mu'az ya buɗe baki ta sa almakashi.

Sai kuma ta tsaya cak, almakashin a tsakiyar zani.

"Tsaya tukuna. Wannan ma a ƙwaryar za su lissafa shi?"

"A'a, Dada. Wandon ƙungiya ne, ba ya ciki."

"Ka tabbata? Kada in yanka a ce an hana."

"Na tabbata."

"To madalla." Ta ƙarasa yankan, ta miƙa hannu ta janyo goron da ta tura masa ɗazu, ta ɓare, ta ba shi rabi. "Ungo, maigida. Ranar kofin ka aiko min da mai mashin. Ina so in ga mijina yana kiwon dogaye."