Yadda Na Mai da Mufida 'Yar Ƙasar Waje

Jiya, jama'a, ni da hannuna na mai da yarinyar da nake so 'yar ƙasar waje, alhali tana zaune kan tabarma a zauren gidansu nan Jibiya.

Mufida ke nan, ɗiyar maƙwabcinmu Malam Bawa mai awon hatsi. Ita kaɗai ce daga yankinmu ta kai zagayen ƙarshe na gasar rubuta manhajar kwamfuta, wadda Manya suka shirya don zaƙulo haziƙan matasa. Wanda ya ci, za a kai shi birni karatu kyauta. Allah ya saka wa Manya, har ɗakin kwamfuta suka gina mana. Na leƙa ta taga na ga na'urorin tsaf cikin ledarsu, ba wanda ya ɓata su da taɓawa. Makullin yana aljihun Mai Girma Shugaban Kwamitin gasar, shi kuwa ya tafi taron bita kan amfanin fasaha.

Sai Mufida ta zauna gida da tsohuwar kwamfutar yayanta, tunda ta intanet ake gasar. Ni kuma na zo taya ta da addu'a, don bayan waƙoƙin soyayya ita kaɗai na iya. Na sha karatun littattafai, kuma a cikinsu kowane jarumi yana da ranar da zai ceci masoyiyarsa. Tawa ta zo ana tsakiyar gasa: sabis ya ɗauke.

Kun san yadda muke yi a nan bakin iyaka. In layin gida ya yi fushi, sai mu juya waya zuwa layin Nijar, kamar mai aron gishiri a maƙwabta. Direbobin Maraɗi ma haka suke yi da namu in rezonsu, wato sabis ɗinsu, ya gudu. Na zaro waya, na juya ta zuwa layin Nijar, na ce, "Mufida, ga zuciyata, ga datata."

"Aje zuciyar, miƙo datar," in ji ta.

Ta warware tambayoyin kaf tun lokaci bai cika ba. Ni har na fara tsara baitin farko na waƙar bikinmu. Sai ga saƙo. Alƙalin gasar, wanda ba mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce, ya gano cewa amsoshin daga wata ƙasa suka fito. Gasar ta 'yan ƙasa ce zalla. An cire ta.

Malam Bawa ya dube ni sama da ƙasa. "Kalilu, mi ka yi ma ɗiyata? Tun safe tana nan gabana, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Yaushe ta je Nijar?"

"Baba, na'ura ce ta faɗa."

"To ta zo ta faɗa mani ido da ido."

Na garzaya wurin Mai Girma Sakataren Kwamiti, na yi jawabi mai ratsa zuciya har da hawaye. Ni kaina na burge kaina. Shi kuwa yana saurare yana sakace haƙori.

"Samari, wannan na'ura ba ta kuskure, shi ya sa muka sayo ta. Da mutum ne alƙalin, da sai ka nemo wanda ya san shi."

"Ranka ya daɗe, to a buɗe mata ɗakin kwamfuta ta sake mana."

"Ba a ƙaddamar da shi ba tukuna. Babban Baƙo muke jira."

Ya ba ni shawara in kai kukana ga na'urar kai tsaye. Na kai. Ta amsa cikin ladabi, ta yaba da salon rubutuna, abin da ɗan Adam bai taɓa yi ba, sannan ta ƙara tabbatar mani cewa Mufida baƙuwa ce. Abin kunyar, na ji daɗin yabon.

Yau da hantsi na bi ta ƙofar gidansu na yi sallama. Mufida ta leƙo, idonta a kumbure, ta ce, "Bonjur, Malam. In magana kake so da ni, nemo biza."

Na tambaya a unguwa ko ina ake bayarwa. An ce wataƙila sai an kafa kwamiti.