Filina na Umarari da takun ƙafata

Ko na manta da komai, ba zan manta da ranar da muka je aza tubalin gidana a unguwar Umarari ba. Shekarun nan ne da mutanen ƙauyuka suka kwararo Maiduguri, ko zaure ka nema don haya sai ka tarar da iyali a ciki. Surukata ma ta gudo daga wajen Bama da jikoki uku, suna rakuɓe a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwanta.

Ina da wani ɗan fili da mahaifina ya bari, matse tsakanin katangu biyu. Na auna shi da taku, na koma shagona a kasuwar Gamboru na zana gida a bayan kwali. In babu ciniki sai in zuba wa kwalin ido. Ɗaki huɗu na gani, da baranda, da darbejiya a tsakar gida, surukata a inuwarta tana jan carbi, ƙanshin turaren wuta yana fitowa daga ɗakinta. Har ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufin nake ji, alhali ko bulo ɗaya ban saya ba. (Atamfa nake sayarwa fa, tef na rataye a wuyana wuni guda, amma ban taɓa kai shi filin ba.)

Ranar na gayyato bulama, wato mai unguwa, da liman da maƙwabta, na ɗauko surukata a Keke Napep. Na riƙa zagayawa da ita ina nuna mata ɗakinta da na yara da inda za ta yi shanya. Ita dai sai sa albarka take yi.

Malam Bukar magini ya ja tef ɗinsa, ya dubi kwalin, ya sake ja. Ya tambayi wanda ya yi awon, na ce ni ne, taku talatin cif. A gaban kowa ya ce in taka ya gani. Na taka. (Ban faɗa muku ba, ni gajere ne sosai.)

"Alhaji," in ji shi, "ɗakinka na uku yana cikin gidan maƙwabcinka. Na huɗu kuma a kan titi. Bayi kuwa ban gan shi a zanen ba sam."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Surukata ta gyara mayafi, ta ce da Hausarta mai sautin Barebari, "Ɗana, wanda ya kwana a daji ba ya raina ɗaki. Gina wanda ya shiga."

Ɗaki biyu da bayi ne suka shiga, da ɗan lungun girki. Kafin damina suka tare, har yau suna ciki.

Mafarki dai ban daina ba. Sai dai yanzu in zan yi, nakan fara neman wanda ya fi ni tsawon ƙafa.