Ranar Da Na Fassara "Gora Ta Tafi"

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da bakina ya kusa raba ni da Hajara. A lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Nguru, kuma ina da ciwon nan na malamai: ba na iya cewa "ban sani ba".

Hajara 'yar Gashua ce, gidansu masunta ne kaka da kakanni. Mun daidaita, saura manyana su je neman aure, amma an ce mahaifinta bai amsa ba tukuna, wai sai ya san hankalin yaron. Ni kuwa ko fuskarsa ban taɓa gani ba, don idan na je zance a ƙofar gida nake tsayawa. Da bikin yayanta ya zo, sai na ce ga dama ta samu. Na sha sabuwar shadda, na kafa hula, na shiga motar Gashua.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani tsohon mai goge ya zauna da masu ƙwaryarsa. Na samu wuri kusa da wani dattijo siriri mai tsohuwar riga, yana ta ɓare gyaɗa. (A raina na ce maƙwabci ne ya zo cin shinkafa. Allah Ya yafe mini.)

Mai goge ya ja wani take mai daɗi, nan take wuri ya ɗauki shewa, mata na guɗa daga cikin gida. Wani baƙo daga Kano ya tambayi sunan taken, aka ce masa "Gora Ta Tafi". Ya ce, "Wace gora kuma?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma na taɓa jin ɓurɓushin labarin a bakin wani mai sayar da kifi a kasuwar Nguru, sai na gyara zama.

Na ce, "Ai gorar masunta ce, babbar nan da suke kifa ciki a kai su bi ruwa da ita. Wani ragon masunci ne barci ya kwashe shi a kan gorarsa, ya mirgina ya faɗa kogi. Gora ta yi gaba, shi kuma ya maƙale a reshen giyayya yana kuka yana kiran innarsa."

Babu wanda ya yi dariya. Maimakon in gane, sai na ɗauka gishiri ne bai ji ba, na ƙara. Na ce har wandonsa ruwa ya tafi da shi. (Wannan wandon ni na ɗinka shi a wurin, ba ya cikin abin da mai kifi ya faɗa mini.)

Dattijon nan ya miƙo mini gyaɗa, ya ce, "Ikon Allah! Malam, a littafi ka karanta?"

Na ce, "Baba, ai bincike ne. Aikinmu ke nan."

Sai goge ya tsaya. Tsohon ya ɗora shi a cinya ya dube ni.

"Malam, ni na yi taken nan, kuma ina bakin kogi ranar. Kwalekwale ne ya kife da mata masu dawowa daga kasuwa. Wani saurayi ya ɗora yarinya ɗaya a kan gorarsa, ya tura ta gaɓa, shi ya kama giyayya har aka zo aka ɗauke shi. Gora ta tafi da yarinya, yarinya ta dawo ta zama matarsa. Ita ce uwar ango, ita kake jin guɗarta." Ya nuna gefena da bakan gogensa. "Mai gorar kuwa, gyaɗarsa ce a hannunka."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Uban ango, wato mahaifin Hajara! Na zame daga tabarma na durƙusa, na buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Baba... Baba..."

Dattijon ya ce, "Tashi, Malam. Kukan dai gaskiya ne, na yi shi, ruwan akwai sanyi. Wandon ne ban san inda ka samo ba."

Sai a lokacin dariya ta fashe, har masu ƙwarya suna faɗuwa.

Kwana uku ban iya kiran Hajara ba. A na huɗu ita ta kira, tana dariya har da tari. Wai Baba ya ce a turo manya, yaron yana da surutu amma ya iya durƙuso.

Ranar aurenmu tsohon mai goge ya yi mini nawa taken, ya sa masa suna "Malam Ya Yi Bincike". Har yau idan na sauka a tashar Gashua sai na ji wani ya rera shi.

Yanzu idan ɗalibi ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, cewa nake, "Ban sani ba." Idan kuwa labari ya zo mini baki a taro, sai na fara tambayar sunan wanda ke ba ni gyaɗa.