Yadda Za Ka Zaga Filayen Golf Na Arewa Har Babban Sakatare Ya San Sunanka

Wannan darasi na ma'aikacin gwamnati ne da ya gaji da zaman karkara. In ka bi shi daki-daki, ana ba ka tabbacin cewa kafin damina ta zagayo, maigidan da ke sa hannu a canjin wurin aiki zai san sunanka, da fuskarka, da garinku. An gwada shi a kan Malam Sama'ila na Daura, kuma ya yi aiki fiye da yadda aka zata.

Sama'ila jami'i ne a wata ma'aikata, an jefa shi yankin Dutsi tun gemunsa na baƙi. Burinsa ɗaya: kujera a hedikwata a Katsina kafin ritaya ta riske shi. Mai ikon yi masa wannan shi ne Babban Sakatare, Alhaji Zakiyyu, mutumin da kullum "ya shiga mitin" in ka je ofis, amma duk ƙarshen mako ana ganinsa yana bin wata 'yar farar ƙwallo a cikin rana.

1. Ka sayi kaya kafin ka san wasan

Sanin wasa na zuwa daga baya, in ma ya zo. Ka shiga Kano wajen 'yan gwanjo, ka samo hular hana sallah, da riga mai gajeren hannu, da safar hannu ƙwara ɗaya, da doguwar jaka cike da sanduna.

Ka shirya wa mutanen gida. Ranar da Sama'ila ya shigo da nasa kayan, matarsa Lami ta juya safar ta ce, "Malam, 'yar'uwarta fa? Ko sai wani albashin?"

Mahaifiyarsa, Iya, ta daɗe tana duban jakar. "An kai ka boko don ka huta da kiwo," in ji ta, "ga shi ka dawo da tulin sanduna, babu ko ɗan maraƙi."

Kada ka tanka. Annabawa ma a gida aka fara musu dariya.

2. Ka kashe manomin da ke cikinka

Duk digirinka, akwai jikan manomi kwance a ƙirjinka, kuma filin golf ne ke tashinsa. Da Sama'ila ya fara shiga fili a Katsina, ya ga ƙasa shimfiɗe iya ganin ido, babu kara babu kunya, sai bakinsa ya riga hankalinsa: "Kai! Da gero aka zuba a nan..." Wani darakta ya waiwayo ya dube shi kamar ya yi tusa a masallaci.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗaga sanda ya kai wa ƙwallo sara irin na fartanya. Ƙasa ta tashi, ciyawa ta tashi, ƙwallo na nan inda take tana kallonsa.

3. Ka yi targaɗe

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. Wanda bai buga ba bai faɗi ba. Ka naɗe wuyan hannunka da bandeji, ka samu kujera a inuwar kulob, ka riƙe kalmomi kaɗan. In babba ya buga da kyau, ka ce, "Kai, wannan hannu!" In ya buga cikin daji, ka ce, "Iska ce, ranka ya daɗe." Ko ganye ba ya motsi, iska ce.

Abu biyu kawai Sama'ila ya tsinta daga inuwa: ana son ƙwallo ta kai ga wani ɗan rami mai tuta, kuma mai ƙarancin bugu shi ke cin wasa. Wannan ya yi masa daɗi, don a ma'aikata ma wanda ya fi ƙarancin aiki shi ke gaba.

4. Ka bi sawun manya: Kano, Zariya, Kaduna, Jos

Za ka lura da wani abin mamaki. Tun da Shari'a ta zo, aka koma shayi da zoɓo a inuwar kulob-kulob ɗinmu na kusa, sai gwiwoyin manya suka daina jure filayen gida. Likitoci, wai, sun ce ciyawar Jos ta fi taushi. Saboda haka duk wata gasa ta kirki sai ta gangara can.

Ka bi su. In ka ga an ajiye butar shayi a teburin manya, ba ta tururi, kuma masu sha na ƙara fara'a da kowane kofi, kada ka nemi a zuba maka. Ka riƙe lemonka, ka zama bango: yana ji, ba ya magana.

Batun tafiya kuwa, daga tashar Daura za ka hau, jakarka a saman mota tare da buhunan albasa. Ka sauka nesa da ƙofar kulob, ka kakkaɓe jakar, ka shiga a ƙafa kamar direbanka ne ya tafi shan mai. Manya za su kwana a otal mai tafkin wanka. Kai ka kwana a shagon wani ɗan garinku, da safe ka shiga harabar otal ɗin da tsinken sakace a baki.

Haka Sama'ila ya yi rani guda yana zagaye. Duk dawowa Lami na tarbarsa: "Sannu da zuwa, zakaran Arewa. Yau wane kofi aka ciyo?"

"Ana kan hanya."

"Hanyar Jos dai. Mu dankalin turawa kaɗai muke gani."

A duk wannan zagaye, Alhaji Zakiyyu bai taɓa dubansa sau biyu ba.

5. Ka matsa kusa da jakar maigida

Dama sau ɗaya take zuwa. Ta Sama'ila ta zo a Jos, ranar gasar manyan ma'aikata. Akwai wani kofi da Alhaji Zakiyyu ya daɗe yana nema, kullum abokin karatunsa Alhaji Mansur na ƙwace masa, ya kuma yi shekara yana yi masa tsiya a kai. Ran nan mai ɗaukar wa Alhaji Zakiyyu jaka bai zo ba. Nan take targaɗen Sama'ila ya warke.

"Ranka ya daɗe, ina raye ka saɓa jaka?"

"Kai kuma fa?"

"Ɗanka ne a ma'aikata. Daga Daura."

"To, Daura, ɗauko mu je."

A nan akwai wata doka da ba a jin ta daga inuwa: inda ƙwallo ta tsaya, nan ake buga ta, kuma in mai ɗaukar jakarka ya ɗauke ta, kai za a ƙara wa bugu ɗaya na tara. Sama'ila wata dokar ya sani, wadda Iya ta koya masa da bulala: in abu ya bar hannun babba, ko carbi ne ko allura, ƙarami ne ke rugawa ya ɗauko. Tun safe abin ke cin ransa. Ga dattijo mai furfura, Babban Sakatare guda, yana buga abu yana bin sa da ƙafa, masu jaka na tsaye ƙiƙam kamar ba a haife su a gidan mutane ba. Ya daure ne kawai saboda nauyin jakar.

Aka zo ramin ƙarshe, Alhazan biyu kunnen doki. Alhaji Zakiyyu ya yi wani bugu da bai taɓa yin irinsa ba tun da ya fara wasan. Ƙwallo ta tashi, ta sauka, ta gangara, ta tsaya taki ɗaya daga bakin rami. Ɗan taɓi kawai ya rage, kofi ya zama nasa. Fili ya yi tsit.

Sama'ila ya ɗauka shirun nan jiran mai tarbiyya ake yi. Ya yar da jaka, ya zuba a guje da tumbinsa, ana kiransa yana ɗaga hannu alamar kada a damu. Ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta da gefen rigarsa, ya dawo yana haki, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

"Ta kai, ranka ya daɗe. Ba sai ka wahala ba."

Alhaji Mansur ya zauna daɓas a ciyawa don dariya. "Zakiyyu! Ina ka samo wannan ɗan albarka? Don Allah baɗi ma ka zo da shi. Ni zan biya masa mota!"

Alƙalin wasa ya mayar da ƙwallo wurinta, ya ƙara bugun tara. Wannan bugu ɗaya ya mayar da su kunnen doki, a wasan raba gardama kuwa Alhaji Mansur ya ɗauki kofi.

Alhaji Zakiyyu bai yi faɗa ba. Ya dubi Sama'ila, wanda har yanzu ke durƙushe, ya ce a hankali, "Me ka ce sunanka?"

"Sama'ila, ranka ya daɗe."

"Cikakke nake so. Da inda kake aiki."

6. Ka karɓi sakamako

A ma'aikatar da fayil ke shekara bai tsallaka tebur ba, canjin Sama'ila ya fito cikin mako. An ɗauke shi daga Dutsi kamar yadda ya roƙa. An kai shi wani ƙauye a bakin iyaka, inda wayarka ke yi maka barka da zuwa da Faransanci.

Lami na ɗaure masa kaya ta ce, "Malam, ai ka dace. Fili iya ganinka, yashi har gwiwa, kuma duk abin da ka ɗauka babu mai cin ka tara."

Sandunan suna Daura. Iya ta zaɓi mai kan ƙarfe tana korar awaki daga shanyar gero, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa riƙe sandar kiwo mai daɗin hannu irinta ba.

Sanarwa: an yi alkawarin Babban Sakatare zai san sunanka, kuma ya sani. Ba a yi alkawarin abin da zai yi da shi ba. Duk wanda ya bi wannan darasi ya tsinci kansa a bakin iyaka, babu ruwan mai darasi, babu ruwan Iya. Ya kai kukansa ofis. Maigida ya shiga mitin.