Ranar da Gemuna Ya Yi Zuba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rina gemuna na tafi Dawanau neman aiki ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙasa.

A shekarun nan ne da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka. Na yi ritaya daga koyarwa a firamare, fansho kuwa sai ya ga dama yake leƙowa. Aka ce mu tashi daga gidan malamai. Na shiga neman haya a Ɗambatta, kowane mai gida sai ya dubi furfurata ya ce, "Baba, ina 'ya'yanka? Ai su ya kamata su zo." Wani ma bai ɓoye ba, ya ce shi ba ya ba tsoho haya, don ranar da ya zo tashinsa duk unguwa za ta ce ya kori sa'an ubansa. Ƙarshe ni da mai ɗakina Binta muka koma ƙauye, muka raɓe a ɗaki guda gidan ƙanena.

Aiki ma haka. Duk makarantar kuɗin da na je, a miƙe a ba ni kujera, a durƙusa a gaishe ni, sannan a ce, "Baba, ai ka yi naka, ka je ka huta." (Hutun ne zan miƙa wa Binta ta tuƙa mana?)

Sai na ji wani dillalin hatsi a Dawanau yana neman mai kula da sito, amma wai matashi yake so. Na wuce wurin mai aski na ce ya mayar da ni matashi. Ya kwaɓa wani baƙin rini mai araha ya lafta mini a gemu da gashin baki. Da na dawo gida Binta ta daɗe tana kallona, ta ce, "Malam, gemu dai ya yi baƙi. To gwiwar fa, ita ma an shafa mata?" Na zura farar rigata ta Juma'a, na kuma ajiye tabarau a gida, don a ganina shi ne ke ƙara mini shekaru.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Na isa sito aka ce Alhaji ya fita, in jira. Ina zaune aka kira azahar. Na yi alwala yadda na saba, na wanke fuska, na tsettsefe gemu da kyau, na share hannu a gaban riga. Mutumin da ba ya gani sai da tabarau, me zai lura da shi? Na ga dai 'yan dako suna kallona suna sunkuyar da kai. (Wallahi na ɗauka kwarjini ne.)

Alhaji ya dawo aka shigar da ni. Ƙato ne, shi ma da 'yar furfurarsa. Yana duba waya ya ce, "Shekarunka nawa?"

Na gyara murya na ce, "Arba'in da biyar, ranka ya daɗe."

Ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi rigata, ya sake dubana, sai kawai ya zame daga kujera ya tsuguna.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Sabi'u ne, ɗan gidan mai nama. Kai ka koya mini karatu a aji biyu. Ni kaina na wuce arba'in da biyar ɗin."

Nan take ya ƙwala wa wani kira: "A kawo wa Malam ruwa da sabulu, da madubi." Na kara madubin a hanci don in gani. Baƙi ya gangaro daga haɓa zuwa wuya, gaban riga duk shatin yatsu, gemun kuma rabi fari rabi baƙi kamar bayan zabo.

Na ce a raina tunda asiri ya tonu, ko banza ɗalibina ne, aiki ya samu. Ina!

Ya ce, "Haba Malam, ta yaya zan aike ka? In an yi kuskure, da wane baki zan yi maka faɗa?"

Na ce, "Ka yi mini mana! Ni da nake maka na mutu ne? Sabi'u, aiki nake so, hankalina ƙalau, hannuna yana rubutu."

Ya ce, "Allah Ya kiyaye. Kai ubanmu ne, ka je ka huta."

Ya sa aka ɗora mini gero a motar haya, ya rako ni har bakin titi yana sa 'yan dako su gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina rufe ƙirji da hula. Na so in ce a sauke geron, ba sadaka na zo nema ba. Na tuna tukunyar gida, na ce, "Allah Ya yi albarka."

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan ba da sanda ake korar tsoho ba, da ladabi ake korarsa, har a raka shi bakin ƙofa. In kuma ka ce lallai sai ka rage shekaru, to ka fara tambayar a wace firamare mai aikin ya yi.