Ranar da Na Lashi Sarƙar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Safiya, 'yar ƙanwar mahaifiyata ba, ko da ina so, don dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki a wani shagon lu'u-lu'u a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. Aikina shara da goge gilashi, amma a gida sai na ce ina "harkar lu'u-lu'u". (Ban yi ƙarya ba, na dai rage wa gaskiyar tsawo.) Na sha jin mai shagon yana gaya wa alhazai cewa lu'u-lu'u iri biyu ne, na teku mai tsada da na ruwan daɗi mai sauƙin kuɗi. Na kuma lura idan aka kawo masa sarƙa, sai ya kai ƙwaya ɗaya bakinsa, ya yi jim, sannan ya yi magana. Ni da kaifin basirata sai na haɗa biyun wuri guda: gishiri yake ɗanɗanawa. Ban tambayi kowa ba, don a ganina na riga na gama karatu.

Ranar da dangin ango suka kawo lefe gidanmu a unguwar Jarwal, ina kicin na ji murya ta tashi. Inna Rabi ce, uwar amarya, riƙe da wata farar sarƙa.

"Na teku aka yi mana alkawari," in ji ta. "In na kogi ne, ku kwashe kayanku, halas, an fasa."

Safiya na ɗaki tana kuka. Sai wata ta ce, "Ina 'yar Misfala? Ai shugul ɗinta ke nan, aikinta ne."

Na goge hannu, na fito ina takawa ɗai-ɗai. Mata sun cika falo, kowa ya zuba mini ido. Na karɓi sarƙar, na lumshe ido yadda mai shago yake yi, na zaro harshe na lashe ta daga wannan bakin zuwa wancan. Gishiri zau.

"Na teku ne," na ce. "Tekun ma mai zurfi."

Aka rangaɗa guɗa. Da na tsaya nan, da yau ina da mutunci. Amma wata maƙwabciya ta cire abin hannunta ta miƙo, na lasa, na ce teku. Wata ta ba da ɗan kunne, shi ma teku. Layi fa aka yi, ni kuwa sai lasa nake ina raba wa mutane arziki. Can Inna Rabi, da ta fara zargi, ta miƙo mini carbinta na roba da ta saya a bakin titi. Na lasa. Gishirinsa ya fi na kowa.

"Wannan ma," na ce da ƙaramar murya, "ya taɓa zuwa teku."

Sai kakarmu, wadda ta shekara da shekaru tana shirya duwatsun wuya tana sayarwa, ta ɗago kai. "Ke 'yar nan, gumin mutane kike sha."

Gwaggon ango ta rufe baki. "Wallahi Hajiya, a wuyana na sa sarƙar don tsoron cunkoso. Da ƙafa na zo, cikin ranar nan."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kaka ta karɓi sarƙar, ta ce a haƙori ake gogawa, kuma don a gane na gaske da jabu ne kawai, na gaske yakan yi ɗan gurzo kamar yashi. Sauran aikin ido ne. Na teku yawanci zagayayye ne sumul, yana ɗaukar ido. Na ruwan daɗi kowace ƙwaya da surarta.

"Wannan na ruwan daɗi ne," ta ce, "amma mai kyau ne."

Kowa ya juya ga Inna Rabi, ana jiran ta tashi bikin. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonmu ya haɗu, ina tsaye da carbinta jiƙe a hannuna. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da ƙyar ta iya cewa, "Ku shigar da kayan."

An ɗaura aure. Safiya ta gode mini ƙwarai, amma sai da ta wanke sarƙar sau uku da sabulu kafin ta sa.

Tun daga ranar, in na ga gwani ya kai abu bakinsa, tambaya nake fara yi da nawa bakin, harshen kuma ya zauna a ciki.